An rage mini maki don na yi Hausa a ajin Turanci: wai wane ne malamin ƙwarai a yau?

Hauwa'u, Anguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya mini a rai tun ranar Alhamis. Kun san ina TP, wato koyarwar gwaji ta ɗaliban malanta, a wata ƙaramar sakandaren gwamnati nan cikin garin Jos, an ba ni JSS 2, yara 86 a rajista, kodayake ban taɓa ganin ranar da suka cika ba. Darasin ranar "present perfect" ne. Kwana biyu na yi ina shirya shi, har da jadawali a kwali da na saya da kuɗina a Taminus. Na yi minti ashirin cur ina zuba Turanci zalla, ga "has" ga "have", yara sun zuba mini na mujiya. In na ce "Do you understand?" sai su amsa "Yes, Aunty" da ƙarfi har ajin kusa su ji. Na ce to wani ya ba ni misali. Tsit, kamar ruwa ya cinye su.

Sai na ajiye alli na ce da Hausa: "In mamanka ta ce zo ka ci tuwo, kai kuma cikinka a cike yake, me za ka ce mata?" Suka ce "Na riga na ci." Na ce to wannan "na riga" ɗin ce muke ta fama da ita tun ɗazu. Ba ruwanta da yaushe ka ci, ita dai yanzu a ƙoshe kake. In kuwa ka ce jiya ko shekaranjiya, ka ambaci lokaci, to ka koma "I ate". Wallahi nan take hannuwa suka tashi. Har wani yaro da ke zama can baya jikin taga, wanda tunda na zo ban taɓa jin muryarsa ba, na leƙa littafinsa na ga ya rubuta "I have finish my work."

Malamin da ya zo duba ni yana zaune a baya yana kallo. Da aka tashi ya miƙo mini takardata, da jan biro ya rubuta "Avoid vernacular", wato in guji yin harshen gida a aji, ya ja layi biyu a ƙasa, ya kuma zaftare mini maki. Ban yi musu ba, babba ne. Amma ni dai tambayata: mu da ake shirya mu zama malaman Turanci, wane ne malamin ƙwarai? Wanda ya riƙe Turanci har aka buga ƙararrawa, ko wanda yara suka fita da wani abu a kai?

Abba Gangare:
Wa alaikumus salam. Hauwa'u kin san ba na ɓoye miki gaskiya: malamin nan ya fi ki gaskiya. Yaron Anguwar Rogo ko na Gangare a ina yake jin Turanci? Gida Hausa, layi Hausa, Islamiyya Hausa da Larabci, cikin keke Hausa, hatta malamin lissafi rabin bayaninsa Hausa ne. Minti arba'in ɗin nan naki su kaɗai ne damarsa a yini guda. In kika ɗebi goma kika ba Hausa, kin ƙware shi. Ba a koyon iyo a kan tudu. A wurina malamin ƙwarai shi ne wanda in ya buɗe baki yaro zai ji yana son ya yi magana irin tasa. Ni abin da ya sa na zaɓi fannin nan ke nan, wani malaminmu na SS 1 da in yana magana sai ka rantse rediyo aka kunna.

Sadiq Rikkos:
Ni kam abin da ya sa na zaɓi fannin nan makin JAMB ne, ku daina sa ni ƙarya 😂 Lauya na nema aka ce ga Ilimi.

Kaneng, Bukuru:
Sannunku. Abba, wannan malamin naku mai muryar rediyo, ku nawa ne a ajin, kuma ku nawa kuka fito kuna Turanci? Don irinsa mun gani. Yara biyar na gaba suna binsa, sauran saba'in suna sha'awarsa kawai kamar masu kallon ƙwallo.

Amma Hauwa'u ni ma ina da tawa damuwar. Ajina akwai Birom, akwai Afizere, akwai Angas, akwai Hausawa da Fulani, ga 'yan Ibo biyu da Bayerabe ɗaya. Gaskiya ne kusan duk yaron da ya tashi a Jos yana jin Hausa, mu a coci ma da ita ake wa'azi da waƙa. To amma akwai wata yarinya da iyayenta suka dawo daga kudu bara, ko "zo" ba ta sani ba. Ranar da na yi bayani da Hausa kowa ya yi dariya ya gane, ita kaɗai ta sunkuyar da kai. Sai na ji kamar na kore ta daga ajin. Saboda haka ba zan ce a yi Hausa kawai ba, sai an san su waye a gabanka.

Hauwa'u, Anguwar Rogo:
Wannan gaskiya ne Kaneng, ban yi tunanin ta wannan fuskar ba. Nawa ajin duk masu jin Hausa ne.

Abba Gangare:
Kuma kar ku manta gwamnati ma ta juya. A 2022 lokacin Adamu Adamu aka amince da tsarin koyar da 'yan firamare da harshen uwa har aji shida. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya fito a Abuja ya ce an soke, Turanci ne harshen koyarwa tun daga ƙasa har jami'a. To in lissafi ma an ce da Turanci, ina ga darasin Turancin kansa?

Malam Sabo, mai ritaya:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ta nuna mini ana wannan zance, na ce bari in sa baki, in na yi tsawo ku yi wa tsufa uzuri.

Ni ɗan Grade II ne, tsohuwar takardar shaidar malanta. Na fara riƙe alli a 1978, shekara biyu bayan an buɗe UPE, shirin ilimin firamare ga kowa da kowa, lokacin da yara suka cika makarantu malamai suka yi kaɗan. Na yi shekara 35. Abba, abin da kake faɗa ni na yi shi da hannuna, har na wuce inda kake nufi. A ajina akwai monita mai rubuta sunan duk wanda ya yi banakula, a ci shi tara ko ya sha bulala. Ina alfahari da cewa ajina ba a jin Hausa. Sai daga baya na lura ba Hausar kaɗai ce ba a ji ba, Turancin ma ba a ji. Yaran sun gano cewa wanda ya yi shiru ba ya shan duka, sai suka zaɓi shirun. Akwai wani yaro, Allah ya jiƙansa, ya rasu yana babban mutum, da na zane saboda ya ce "feofle". Shekara biyu ya yi a hannuna bai ƙara ɗaga hannu ba. Har yau in na tuna sai in yi istigfari.

Kuma laifin wa? Bahaushe ba shi da "p" daban da "f" daban, sauti ɗaya ne a kunnensa, shi ya sa wani zai ce fata wani ya ce pata, a Sakkwato ma ka ji ta koma wajen "h". Yaron bai ji bambancin ba balle ya furta. Da na yi hankali, ga abin da nake yi: in yanki 'yar takarda in riƙe gaban leɓe. In ka ce "pan" daidai, leɓɓa biyu sun haɗu sun fashe, takarda za ta yi tsalle. In "fan" ce, haƙoran sama su hau leɓen ƙasa, iska ta fita a hankali. Kowane yaro da 'yar takardarsa, aji ya kaure da dariya, cikin mako biyu an wuce wurin. Haka zancen baƙaƙe biyu a jere. Bakinmu ba ya son su, sai ya cusa wasali a tsakani, shi ya sa "bread" ta zama burodi, "driver" ta zama direba. In ka nuna wa yaro wannan sai ya ga ashe ya daɗe yana Turanci bai sani ba, abin da ya rage ya cire wasalin da ya ƙara.

To ka ga wannan sanin, Baturen Ingila da aka haifa da Turanci a baki ba shi da shi. Kai ke da shi, don ka bi ta hanyar da yaron ke bi. In ka ce ba za ka taɓa Hausa ba, ka jefar da makamin da ya fi kowanne kaifi a hannunka.

Zancen gwamnati kuwa, tun kundin manufofin ilimi na 1977 aka ce shekarun farko na firamare a yi su da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Kafin nan ma, a 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ife, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi a hannun malamin da ya ƙware a kai, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Minista ya zo minista ya tafi, na ga da yawa. Yaron da ke jikin taga yana nan.

Hauwa'u, Anguwar Rogo:
Allah ya ƙara girma Baba, Allah ya saka da alheri. Wallahi har na ji ƙwalla.

Abba Gangare:
Allah ya ja kwana Baba. Ban isa in ja da kai ba, kuma bulala ni ma ba na goyon bayanta. Amma ka ba ni dama in faɗi tsorona. Kai ka iya Turancin, sannan ka san inda za ka sa Hausa. Mu kuwa akwai waɗanda muke aji ɗaya da su da ba za su iya rubuta wasiƙar neman aiki ba tare da kuskure goma ba. Irin waɗannan in aka ce musu Hausa halal ce, ba don yaro za su yi ta ba, don su ɓoye rauninsu ne. Mun ga abin da ya faru a Kaduna a 2017, aka ba malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka sa ba, aka kore su. Ko me mutum zai ce game da yadda aka yi korar, adadin nan abin kunya ne gare mu duka.

Malam Sabo, mai ritaya:
Nan kam ka yi gaskiya ɗana. Hausar da Hauwa'u ta yi ta minti biyu ce, ta buɗe ƙofa ta koma Turanci. Wanda ya shiga da Hausa ya fita da Hausa ba darasin Turanci ya yi ba, hira ya yi.

Nazifi Farin Gada:
Duk kun tsaya a zamanin alli. Tambayar ta ce "a yau". Yau yaron JSS 3 yana da waya ko yana ɗaukar ta yayansa. Furucin da Abba ke nema yana nan a YouTube kyauta, daga bakin masu harshen. Ni ChatGPT ke taya ni tsara darasi, in ce masa ga aji ga batu, cikin minti ɗaya ya ba ni misalai ashirin. Malamin da bai iya wannan ba nan da shekara biyar ɗalibansa za su wuce shi. JAMB ma tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yi, amma akwai malaman da ko linzamin kwamfuta ba su iya riƙewa ba.

Maman Ilham:
Nazifi makarantar da kake TP akwai wuta? Don tawa soket ɗaya ne, a ofishin shugaba, shi ma cajin wayarsa yake yi.

Ni shekara shida ina koyarwa a makarantar kuɗi kafin in dawo karatu, bari in ba ku labarin wayar nan. Na ba 'yan SS 2 aikin gida su rubuta insha'i kan sanyin Jos. Washegari yara goma sha ɗaya suka kawo mini rubutu mai santsi kamar daga jarida, har da dusar ƙanƙara a ciki. Dusar ƙanƙara a Dilimi! Meta AI ce ta cikin WhatsApp ta rubuta musu. Ban yi faɗa ba. Na kira su ɗaya bayan ɗaya na ce karanta mini sakin layi na biyu, sannan ka faɗa mini da Hausa abin da ka ce. Ko ɗaya bai iya ba. Sai na ce kowa ya rufe littafi ya rubuta mini jimla biyar kan yadda ya yi wanka yau da asuba. Abin da suka kawo duk kuskure, amma akwai ruwan zafi a ciki, akwai man shafawa da ya daskare, akwai wanda ya amsa cewa bai yi wankan ba. Wannan zan iya gyarawa, don nasu ne.

Saboda haka ka ga Abba, Hausar da kake gudu ita ce yanzu ma'aunina na gane ko yaro ya fahimci Turancin da ya kawo.

Nazifi Farin Gada:
Anti ai ban ce a bar musu su kwafa ba. Cewa na yi malami ya san abin. Da ba ki san Meta AI ba ai da kin ba su maki goma bisa goma kina murna.

Maman Ilham:
Wannan kuma ka ci ni 😄 Amma misalan ashirin da yake ba ka, ka riƙa dubawa. Na ga wani ɗan TP ya rubuta wa yaran Yan Shanu jimla kan zuwa bakin teku da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa.

Sadiq Rikkos:
Yanzu bari in yi maganar gaske, kar ku ce kullum wasa nake. Ku je ku tambayi kowane uba a Bauchi Road wane ne malamin Turanci na ƙwarai. Zai ce wanda ɗansa ya samu kiredit a WAEC ko NECO, don ba kiredit a Turanci ba jami'a. Shi ke nan. Kuma jarrabawar me take tambaya? Insha'i na kalma 450, fahimtar rubutu, taƙaitawa, sai tambayoyin zaɓi. Abin dariyar ma, takardar da ake kira gwajin furuci tambaya 60 ce da ake cikewa da fensir, ba wanda zai ce ka buɗe baki. Yaro zai iya cinye ta tas alhali bai iya tambayar hanya da Turanci ba. To ni in na tsaya wasan takarda a gaban leɓe, mai makaranta zai ce ina ɓata lokaci, a kawo tsofaffin tambayoyi a haddace. Wa zan bi, Baba ko mai biyana albashi?

Kaneng, Bukuru:
Sadiq ai nan ne ake rabuwa. Daga haddar tsofaffin tambayoyi sai a zarce rubuta amsa a allo ranar jarrabawa, kowa ya san makarantun da ake tururuwar zuwa yin rajista saboda haka. Ni an taɓa tambayata a wajen neman aiki ko "ina da haɗin kai lokacin jarrabawa". Na gane nufinsu, na ɗauki jakata.

Maman Ilham:
Kin kyauta, amma ki sani wadda ta karɓi aikin bayanki wataƙila marayu take riƙe da su. Ni dubu 25 ake biyana a wata lokacin da na bari, ga shi a 2024 an sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na dubu 70. In ɗalibai suka faɗi kuma kai za a fara sallama. Ba kare satar amsa nake ba, Allah ya kiyaye. Cewa nake duk wannan siffofin da muke jerowa, haƙuri, ƙwarewa, sanin waya, sanin kowane yaro, ana neman su ne a wurin mutumin da ke tunanin kuɗin keke na gobe. A 2020 ranar malamai ta duniya Buhari ya yi alkawarin albashi na musamman ga malamai. Ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 dai ya zama doka a 2022. Sauran ku tambayi waɗanda ke cikin aikin.

Malam Sabo, mai ritaya:
'Yata ba ki faɗi ƙarya ba. A ƙasar nan Sardauna malamin makaranta ne, Tafawa Ɓalewa malami ne har ya shugabanci Midil ta Bauchi, Malam Aminu Kano malami ne, Shagari malami ne. Turancin Ɓalewa da ake ta yabo har yau, a aji ya goge shi. Lokacin da na fara aiki in malami ya je neman aure ba a dogon bincike. Yanzu kuwa kun fi ni sani.

Amma Hauwa'u, akwai abin da ban ji kin faɗa ba. Yaron nan da ya rubuta "I have finish", me kika yi wa littafinsa?

Hauwa'u, Anguwar Rogo:
Baba ai littafin yana jakata tun ranar, na kasa taɓa shi. In na sa jan biro ina tsoron ya koma cikin ɓawonsa. In na bari kuma na bar shi da kuskure, kuma irin wannan "ed" ɗin ce ke kayar da su a WAEC.

Abba Gangare:
Ki gyara mana. Kuskure kuskure ne. Tausayin da zai sa yaro ya girma yana "I have finish" ba tausayi ba ne.

Malam Sabo, mai ritaya:
Za a gyara, amma ba da jan biro ba tukuna. Ki fara yi masa alamar daidai a kan "have", don nan ne darasinki yake kuma ya kama shi. Sannan ki kira shi shi kaɗai, ba gaban aji ba, ki rubuta "I have washed", "I have cooked" a ƙasan tasa, ki ce ya duba wutsiyar kalmomin nan ya duba tasa, me ya ɓace. In shi ya gano da kansa ya sa da fensirinsa, ba zai manta ba. Ki kuma tambaye shi wane aiki ne ya gama. Ƙila akwai labari.

Sadiq Rikkos:
Baba yara 86 fa. In kowanne sai an kira shi gefe ai sai an yi hutun ƙarshen shekara ba a gama ba.

Malam Sabo, mai ritaya:
Uku a rana. Na gaba ba sa buƙata, su za su biyo ka har ofis. Daga baya ake farawa.

Hauwa'u, Anguwar Rogo:
Salam, na dawo da rahoto. Yau Litinin na yi yadda Baba ya ce lokacin tara. Ya fi minti ɗaya yana kallon littafin, har na fara cewa a raina ba zai gani ba, sai ya ɗauki fensir ya ƙara "ed" ɗin, bai ce komai ba. Na tambaye shi aikin me ya gama. Ashe kullum kafin ya zo makaranta sai ya taya yayansa buɗe shagon faci a 'Yan Taya, shi ya sa yake makara yake zama a baya. Na ce gobe ya kawo mini jimla uku kan abin da ya riga ya yi a shagon kafin ya taho. Ya ce "Anti, yaya ake ce wa bawul da Turanci?" Na ce ai Turancin ce ka ara, na rubuta masa "valve". Ya yi ta kallonta yana murmushi.

Malamin duba mu zai dawo ranar Alhamis, kuma har yanzu ban yanke ko zan sake yin Hausa a gabansa ba. Makin nan ina buƙatarsa, ba zan yi muku ƙarya ba.

Kaneng, Bukuru:
Ki yi Hausarki Talata da Laraba su gane, Alhamis ki yi masa Turanci zalla yara suna amsawa, ya ce kai wannan malama ta iya 😂

Abba Gangare:
Wannan ai ha'inci ne Kaneng. Hauwa'u, ni ma "present perfect" ɗin ke gare ni ranar Laraba a JSS 2B. Ki turo mini tsarin darasin naki in duba. Ban ce na yarda ba fa, dubawa kawai zan yi.

Hauwa'u, Anguwar Rogo:
Har da zancen tuwon ko in cire?

Abba Gangare:
Ki bar shi a ciki.

Hauwa'u, Anguwar Rogo:
To sai bayan Magariba in an kawo wuta, cajina saura kashi huɗu.